Kiwon tumakin gida: da me za ka fara?

Jama'a masu tambaya ta kan kiwon tumaki, ni dai shawarata kar ka fara da rago, fara da tunkiya biyu ko uku, rago ko na maƙwabci ka ara ya isa. In ka shiga kasuwar dabbobi nan Damagaram ranar Alhamis ko ka leƙa Mirya ranar Lahadi, kar dillali ya ruɗe ka da girman jiki, buɗe bakinta ka duba haƙora. Mai manyan haƙora biyu a ƙasa ba ta daɗe da wuce shekara ba, ita ce ta saye. Ka taɓa hantsarta, ka duba gindin wutsiya ko da alamar zawo, hanci kuma ya zama ba majina.

Balami akwai kyau wallahi, fari tas ga tsawo, amma cinsa ba na talaka ba ne. Uda, wannan mai gaba baƙi ko ja baya fari, ta fi haƙuri da wahalar rani.

To inda mutane ke faɗuwa shi ne abinci. Tun kaka ake tara harawa da karmami a ɗora bisa rumfa, lokacin suna araha, don in bazara ta kama dami ɗaya sai ka riƙe baki. Yara su tsinto maka 'ya'yan gawo, ka haɗa da dusa da ɗan jiƙon kanwa, ruwa kuma mai tsabta safe da yamma. Kuma don Allah a share leda daga garke! Ni tunkiyata ta fari leda ce ta kashe ta, tana ci tana ramewa, sai da aka yanka muka ga abin cunkushe a tumbi.

Cikin tunkiya wata 5 ne, in barbara ba ta kama ba bayan kamar kwana 17 za ta sake neman rago. Ni na fi so a hau ta farkon damina, Yuni ko Yuli, ta haihu da kaka ga abinci ko'ina. Ɗan ya sha dakashi tun sa'o'in farko, yaye sai wata 3 zuwa 4.

Rago kuma kar ya hau 'yarsa, 'ya'yan kan fito ƙanana marasa ƙwari, ku yi musaya da wani gida. Allurar rigakafi in likitocin dabbobi sun zagayo kar ka ɓoye dabbarka, maganin tsutsar ciki kuma farkon damina da ƙarshenta.