Yadda Ake Tantance Garantin Sabuwar Mota Kafin a Sa Hannu

Duk sabuwar mota tana zuwa da garantin kamfanin da ya ƙera ta, kuma kuɗinsa yana cikin farashin da ka biya. Amma da zarar an gama ciniki, aka zo wajen cike takardu, sai a miƙo maka wani tayin daban: ƙarin garanti na shekara kaza a kan kuɗi kaza. A daidai wannan lokaci ka gaji, hankalinka ya koma kan makulli, mai sayarwa kuma ya san da haka. Garantin farko naka ne ko ka roƙa ko ba ka roƙa ba. Na biyun haja ce da ake son sayar maka, kuma ba za ka san ko ta cancanci kuɗinta ba sai ka gane iyakar na farkon.

Mataki na farko: karɓi littafin garanti tun kafin ka biya

Kada ka tsaya ga abin da dillali ya faɗa da baki, ko abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a takardar talla. Kowace mota tana da ɗan littafin garanti, daban da littafin koyar da amfani da ita, kuma yawancin kamfanoni suna sa shi a shafinsu na intanet. Ka nemi na samfurin da kake so, na shekarar da aka ƙera shi, kuma na ƙasar da za ka yi amfani da motar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin garanti yana bin kasuwar da aka ƙera motar dominta. Motar da aka yi wa wata ƙasa, wani ya shigo da ita ba ta hannun wakilin kamfani ba, tana iya zama sabuwa dal, kujerunta da leda, amma wakilin da ke kusa da kai ya ce ba ruwansa da ita. Ka ba shi lambar shasi, wadda ke da haruffa da lambobi 17, ya tabbatar maka a rubuce cewa zai karɓi motar idan ta samu matsala.

Mataki na biyu: rarrabe garantin kashi-kashi

Idan an ce maka "garantin shekara goma", tambayar da ta dace ita ce: na wane sashe? Garanti ba guda ɗaya ba ne, tarin alkawura ne, kowanne da wa'adinsa.

Akwai na gaba ɗaya, wanda ya haɗa kusan komai: wayoyin lantarki, na'urar sanyaya ciki, allon gaban direba, injin ɗaga gilashi da sauransu. Shi ne ya fi amfani, kuma shi ne ya fi saurin ƙarewa. Sai na inji da giya da abin da ke kai ƙarfi ga tayoyi, wanda a wasu kasuwanni ya fi daɗewa. A Amurka, Toyota tana ba da na gaba ɗaya shekara 3 ko mil 36,000, wato kusan kilomita 58,000, na inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai a can tana ba da na gaba ɗaya shekara 5 ko mil 60,000, na inji da giya shekara 10 ko mil 100,000, amma wannan shekara goman ta wanda ya fara sayen motar ce kawai. In ya sayar, mai saye na biyu yana komawa shekara 5 ko mil 60,000. A Turai kuwa Kia tana ba da shekara 7 ko kilomita 150,000, kuma yana bin motar ko ta sauya hannu. Ka ga ke nan lambar da ta fi girma a talla ba lallai ita ce ta fi alheri ba.

Sauran kason ba su da wuyar ganewa. Garantin tsatsa yawanci yana aiki ne idan tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki har ta huda shi, ba don fenti ya ɗan kumbura ba. Batirin motar lantarki yakan samu shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma kamfanoni da yawa sai ƙarfin riƙe cajinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari suke ɗaukar sa a matsayin ya lalace. Taya kuma galibi garantinta yana hannun kamfanin da ya yi tayar, ba na motar ba.

Mataki na uku: auna wa'adin da irin tuƙinka

A tsakanin shekara da kilomita akwai 'yar kalmar "ko", kuma ma'anarta duk wanda ya riga cika. Mutumin da ke cin kilomita 35,000 a shekara, garantin shekara 3 ko kilomita 100,000 zai ƙare masa kafin shekara ukun ta cika. Wanda motarsa ba ta wuce gida zuwa wajen aiki, shekarun ne za su ƙare masa alhali mita ba ta yi nisa ba. Ka raba adadin kilomitar garantin da abin da kake ci a shekara, amsar da ta fito ita ce ainihin tsawon garantinka, in dai ba ta wuce shekarun da aka rubuta ba.

Sannan ka tambayi ranar da aka fara lissafi. A ƙa'ida ranar da aka miƙa motar ga mai saye na farko ce. Amma motar da dillali ya riga ya yi wa rajista, ko yake ba mutane suna gwada tuƙi da ita, lissafinta ya fara tun ranar da aka sa ta aiki. Ana iya sayar maka da ita da ragi, watanni da dama na garantinta sun riga sun tafi.

Mataki na huɗu: karanta shafin abin da bai shiga ba

Nan ne mafi yawan rigima take tasowa. Garanti alkawari ne a kan kuskuren ƙira, ko kayan da suka zo da aibi daga masana'anta. Ba inshora ba ne. Haɗari, sata, gobara, ambaliya, ƙanƙara, duk aikin inshora ne. Haka kuma kayan da dama an yi su ne don su cinye: takalmin birki, faifan kuloci, robar share gilashi, filogi, matatar iska da ta mai, ƙwan fitila, baƙin mai. Idan takalmin birki ya cinye bayan doguwar tafiya, aikinsa ya yi. Idan kuwa famfon birkin ne ya fara yoyo a wata na takwas, wannan na kamfani ne.

Akwai kuma abubuwan da mai mota ke jawowa da hannunsa: zuba gurɓataccen mai, ɗora kayan da suka fi ƙarfin motar, taɓa kwamfutar inji don ƙara mata gudu, yanke wayoyi don haɗa wata na'ura, ko ci gaba da tuƙi bayan fitilar zafin inji ta kama. Motocin yanzu suna ajiye tarihin irin waɗannan abubuwa a kwamfutarsu, makanikin kamfani yana jona na'urarsa zai gani. Wanda zai sa motar haya ko jigilar kaya ya duba da kyau, domin kamfanoni da yawa suna rage wa'adi ko su sa wasu sharuɗɗa ga motar kasuwanci.

Kada a rikita garanti da kiranye. Idan kamfani ya gano wani aibi mai haɗari a samfurin mota, yakan kira masu ita a gyara kyauta ko da garanti ya ƙare, kamar yadda aka yi da jakar iskar kariya ta kamfanin Takata, wadda ta shafi miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban.

Mataki na biyar: san sharaɗin sabis, ka kuma adana shaida

Kamfani ba zai biya kuɗin injin da ya mutu saboda ba a canza masa baƙin mai ba. Littafin motar yana da jadawalin sabis, kuma sau da yawa iri biyu ne: na tuƙin yau da kullum, da na yanayi mai tsanani, wato ƙura, gajerun tafiye-tafiye, cunkoso da jan kaya. Mutane da yawa suna cikin rukuni na biyu ba su sani ba.

Ko dole ne a yi sabis a garejin wakilin kamfani? Ya danganta da dokar ƙasa. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai dai in kyauta yake ba da su. Tarayyar Turai ma tana da ƙa'idar da ta ba mai mota damar zuwa gareji mai zaman kansa, muddin an bi jadawali kuma an sa kaya masu ingancin da ake bukata. A ƙasashen da babu irin wannan doka, abin da littafin ya ce shi ne hukunci. Ko ma ina ka kai ta, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, adadin kilomita, lambar motar, da irin man da aka zuba. Ka ɗauki hotonsa da waya nan take, don tawadar irin waɗannan takardu ba ta daɗewa take dusashewa.

Mataki na shida: yanzu ka juyo kan ƙarin garantin

Sunan ma yana ruɗarwa. Yawancin abin da ake kira ƙarin garanti yarjejeniyar gyara ce da kake saya daban, kuma tambaya ta farko ita ce wa ke bayanta. Idan kamfanin motar ne da kansa, za a karɓe ta a garejin kowane wakilinsa, a sa kayan asali. Idan wani kamfani ne daban da dillali ke sayar wa hajarsa don samun kamasho, to sai ka bincika: wa ke amincewa da gyara kafin a fara, a wane gareji, da sabbin kaya ko na hannu, kuma wane kamfanin inshora ne zai tsaya idan shi wannan ya durƙushe. Irin waɗannan kamfanoni sun sha rufewa su bar mutane da takarda a hannu.

Sai ka yi lissafin ragi, wanda mai sayarwa ba zai yi maka ba. A ce an yi maka tayin shekara 6 ko kilomita 150,000, motar kuma tana da na kamfani shekara 3 ko kilomita 100,000. Idan lissafin yarjejeniyar yana farawa daga ranar sayen mota, kamar yadda da yawa suke, abin da ka saya shekara 3 ne da kilomita 50,000, ba shida ba. Idan kuma garantin inji da giya na kamfani ya kai shekara 5, to a kan sassan da suka fi tsada shekara ɗaya tak ka ƙara. Ka raba kuɗin da ake nema da wannan ainihin wa'adin, ka ga ko har yanzu yana burge ka.

Yarjejeniyar iri biyu ce. Wata tana lissafa kayan da ta ɗauka, duk abin da ba a ambata ba babu shi. Wata kuma tana lissafa abin da ta cire, duk sauran sun shiga. Ta biyun ta fi, kuma ta fi tsada. A ta farkon ne ake samun irin wannan: an rubuta inji ya shiga, amma ba a rubuta tiyon ruwa ba, tiyo ya fashe, inji ya yi zafi ya ƙone, sai a ce maka abin da ba ya cikin jerin ne ya jawo ɓarnar, don haka ba za a biya ba. Ka nemi wannan sharaɗin musamman ka karanta shi sau biyu.

Kafin ka rufe takardar ka samu amsar waɗannan: nawa za ka biya daga aljihunka a kowane gyara, kuma a kan kowace zuwa gareji ne ko a kan kowane sashe da aka taɓa? Akwai iyakar kuɗin da za su kashe gaba ɗaya? Kuɗin binciken gano matsalar, a wuyan wa yake? Idan ka sayar da motar, yarjejeniyar tana bin ta? Idan ka fasa, nawa za a mayar maka? In an ce sai ka biya za a ba ka cikakkiyar takardar, ka bar shi, cinikin biri a sama ne.

Mataki na bakwai: yanke shawara, amma ba a teburin ba

Ba dole ne ka saya ranar ɗaukar mota ba. Na kamfanin mota galibi ana iya sayen sa daga baya, muddin garantin farko bai ƙare ba, ko da yake farashin yana iya ɗan ƙaruwa. Kuma ana tayawa, domin ribar dillali a kansa ba kaɗan ba ce. Wakilai biyu na kamfani ɗaya suna iya faɗa maka kuɗi daban-daban a kan takarda iri ɗaya. Idan da bashi za ka ɗauki motar, ka lura kada a cusa shi cikin bashin. Za a ce maka ɗan abu kaɗan ne zai ƙaru a wata, amma ka nemi jimillar, domin kuɗin ruwa zai hau kansa har ƙarshen biya.

A ganina, wanda ke sauya mota duk bayan shekara uku ko huɗu ba shi da abin yi da ƙarin garanti. Haka wanda ya sayi samfurin da aka daɗe ana ƙerawa, aka san ƙarkonsa, kuma yana iya ware kuɗin gyara a gefe. Wanda ya kamata ya tsaya ya yi tunani shi ne mai niyyar riƙe motar shekara bakwai ko fiye, musamman idan mai tarin na'urori ce, irin mai kyamarori da na'urorin gano abin da ke gaba da ƙafa mai aiki da iska, ko kuma wanda gyara ɗaya mai nauyi zai iya rikita masa lissafin gida. Shi ma ya fifita na kamfanin motar. Masu kiran waya kuwa ko aiko saƙo cewa garantinka ya kusa ƙarewa, ka biya yanzu-yanzu, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sha gargaɗi a kansu. Ka kashe wayar, ka kira wakilin kamfani da lambar da ke cikin littafinka.

Mataki na takwas: idan matsala ta taso

Ka kai motar da wuri, kada ka bari wani ya fara kwance ta. Ka sa a rubuta ƙorafinka yadda ka faɗa, da kwanan wata da kilomita, ka karɓi kwafi ko da sun ce ba su ga komai ba. Wannan takarda ce za ta nuna cewa matsalar ta fara tun garanti yana aiki, idan ta dawo bayan ya ƙare. A ƙarƙashin yarjejeniyar ƙarin garanti, kada a taɓa ko ƙusa ɗaya sai an samu lambar amincewa daga masu ita. Idan aka ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce tare da sashen da suka dogara da shi, sannan ka kai maganar ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin motar, in ba a daidaita ba ka wuce hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka. Saura wata ɗaya ko biyu garantin gaba ɗaya ya ƙare, ka kai motar a duba ta tas, tare da jerin duk wani ƙara, yoyo ko fitilar gargaɗi da ka lura da su.