Yadda zaka kama gado a hostal kuma ka sa a gyara ɗakin

Ɗan uwa sabon ɗalibi, abu na farko ka gama rajista da wuri, domin yawancin jami'o'inmu ba sa buɗe maka neman gado a fotal, wato shafin makaranta na intanet, sai ka biya kuɗin makaranta, kuma gadajen ba sa isar ko kusa da yawan ɗalibai, ranar da aka buɗe zaka ga cikin ɗan lokaci an kwashe. Ka tanadi data, ka tanadi kuɗin a asusu, kana samu ka fitar da lambar biyan kuɗi ta Remita ka biya a ranar, ka buga rasit kwafi biyu. Kar ka sayi gado a hannun wani ɗalibi, in aka kama ku kai ne da asara.

Ranar shiga kar ka yi saurin shimfiɗa katifa. Ɗaga kanka ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka taɓa ragar taga, ka gwada soket, ka leƙa lungun gadon saboda kuɗin cizo, sannan ka je banɗaki ka murɗa famfo. Ni ɗakin da na taɓa zama mu huɗu aka rubuta amma mu tara ke kwana, bokiti a jere tun asuba a bakin rijiyar burtsatse, wallahi har yau abin na damuna. Duk abin da ka gani a lalace ka ɗau hoto da wayarka.

To wa zai gyara? Nan ne mutane ke ruɗewa, su zaci aikin TETFund ne. TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, da harajin ribar kamfanoni take aiki amma mafi yawan aikinta ajujuwa ne da ɗakunan gwaji da laburare da karatun malamai. Gyaran famfo da fanka daga kuɗin shigar jami'ar yake fitowa, har da kuɗin hostal ɗin da ka biya. Wasu hostal ɗin kuma ɗan kasuwa ne ya gina bisa yarjejeniya, ya ci riba na wasu shekaru ya miƙa wa makaranta, shi ya sa suka fi tsada, kuma shi zaka bi da ƙorafi.

Saboda haka ku rubuta takarda, ƴan ɗaki duka su sa hannu, ku haɗa da hotunan ku kai wa mai kula da hostal, kwafi ɗaya ofishin harkokin ɗalibai, ɗaya ƙungiyar ɗalibai. A buga muku hatimin karɓa da kwanan wata. Bayan sati biyu in shiru ku koma da kwafin.