Yadda Ake Buga Man Kaɗanya Ya Zama Man Shafawa Mai Laushi a Gida

Duk wanda ya taɓa lakutar man kaɗanya da sanyin safiya a tsakiyar hunturu ya san cewa ba ya shafuwa cikin sauƙi, domin sai an murza shi a tafin hannu an jira ya narke kafin ya bi jiki, kuma ko bayan ya bi, yakan bar maiƙon da ke kama ƙura. Bugun man shi ne maganin wannan matsala. Idan aka haɗa shi da wani mai mai ruwa-ruwa, aka buga har iska ta shige shi, sai ya kumbura, ya yi haske, ya yi laushi kamar kindirmo mai kauri, ya riƙa narkewa da zarar ya taɓa fata. Aikin ba shi da wuya, amma yawancin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, kuma wanda ya bi ma'auninsu ido rufe a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai wayi gari ya tarar da kwalbarsa ta koma ruwa.

Ni kaina haka ta faru da ni a karon farko. Na haɗa man kaɗanya da man kwakwa rabi da rabi kamar yadda na karanta, ya tashi ya yi kyau har na raba wa 'yan'uwa, amma da yake watan Afrilu ne, kafin la'asar ɗin washegari ya kwanta a gindin kwalba kamar man suya, kumfar duk ta tafi. Dalilin kuwa a fili yake: man kwakwa yana narkewa ne tun daga wajen digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, alhali a bazara zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40. Man kaɗanya ya fi shi juriya, domin sai ya kusanci zafin jikin mutum yake sakin jiki sosai, man koko kuma, wato man 'ya'yan kokon da ake yin cakulan da su, ya fi su tauri, yana narkewa ne tsakanin digiri 34 zuwa 38. Saboda haka yanayin da ake ciki shi ne zai yanke yawan abin da za a zuba na kowane mai.

Kafin a kai ga awo, sai an fara da zaɓen man kaɗanyar kansa, domin shi ne ginshiƙin haɗin. Itacen kaɗanya namu ne, yana tsirowa da kansa a dazuzzukan jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna, da kuma arewacin Gana da Burkina Faso da Mali, kuma mata ne ke tsintar 'ya'yansa da damina, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su cuɗa ƙullin da ruwa har man ya taso sama. Mai kyau yakan zo da launin hauren giwa ko rawaya-rawaya, da ƙanshin hayaƙi kaɗan, kuma idan aka murza ɗan kaɗan a bayan hannu zai narke ba tare da ya bar tsakuwa ba. Wanda ke warin tsohon man suya ya riga ya lalace, kuma babu turaren da zai rufe masa asiri. Akwai kuma wanda aka tace a masana'anta, fari fat marar ƙanshi, wanda ya dace da masu ƙin warin kaɗanya, sai dai ni na fi son na gargajiya, ko da kuwa yana bukatar ƙarin aiki.

Ƙarin aikin shi ne tacewa. Tunda da ruwa ake fitar da man a ƙauye, sau da yawa yakan zo da ragowar danshi da dusar ƙwallo, wani lokaci har da toka. A samu tukunya a zuba ruwa kamar yatsa uku, a ɗora kwanon silba ko na tangaran a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, a zuba man a cikin kwanon bayan an yayyanka shi ƙanana, a bar tururi ya narkar da shi a kan wuta marar ƙarfi. Kada a ɗora man kai tsaye a kan wuta, domin yana saurin ƙauri, kuma ƙauri ba ya fita. Idan ya narke sarai, a tace shi da farin ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya natsa na ɗan lokaci, sannan a tsiyaye na saman a hankali, a zubar da abin da ya kwanta a ƙasa, domin a nan ruwa da datti suke taruwa.

Awo da sikeli ya fi awo da gwangwani, saboda curin man kaɗanya ba ya cika gwangwani daidai, kuma ƙaramin sikelin kicin ba shi da tsada. Don haɗin hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a auna giram 200 na man kaɗanya, giram 50 na man kwakwa, da giram 50 na mai mai ruwa, wato wanda ba ya daskarewa a ɗaki, kamar man zaitun. Don haɗin bazara kuwa, a cire man kwakwa gaba ɗaya, a auna giram 210 na man kaɗanya, giram 50 na man koko, da giram 40 na mai mai ruwa. Wanda bai samu man koko ba yana iya sa giram 15 na kakin zuma a madadinsa ya cike gurbin da man kaɗanya, tunda kaki ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, amma kada a wuce hakan, don yawansa yana sa man ya riƙa ja a fata kamar kyandir.

Batun mai mai ruwa kuwa zaɓi ne na mai haɗawa. Man zaitun ya fi sauƙin samu, sai dai yana da ɗan nauyi. Man riɗi da ba a soya ba yana shiga fata da kyau, haka ma man zogale da man kuka ga wanda ya samu na gaskiya. Man habbatus sauda da man darbejiya suna da ƙarfin wari, saboda haka cokalin shayi ɗaya ya wadatar a cikin dukkan haɗin, a cike sauran da mai marar wari.

Idan an gama awo, a mayar da man kaɗanya da sauran masu tauri kan tururi su narke tare, a sauke, sannan a zuba mai mai ruwan a juya. Daga nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci, domin yadda aka sanyaya haɗin shi ne ke nuna ko zai yi santsi ko zai yi tsaki-tsaki. Man kaɗanya ya ƙunshi kitse iri-iri waɗanda ba sa daskarewa lokaci guda, kuma idan aka bar shi ya huce a hankali a kan tebur, mai taurin cikinsu yakan riga sauran daskarewa ya dunƙule ya zama ƙananan gudaji kamar yashi. Gudajin ba sa cutarwa, suna narkewa a jiki, amma suna ɓata daɗin shafawa. Hanyar kauce musu ita ce a narkar da man sarai har ba a ganin ko ɗigon fari a cikinsa, sannan a sanyaya shi da sauri. A rufe kwanon a sa a firji na minti 40 zuwa awa ɗaya, ko a firiza na kimanin minti 20. Inda babu tabbacin wutar lantarki, a sayi ƙanƙara a farfasa a cikin baho, a dasa kwanon a tsakiya ana juyawa lokaci-lokaci, tare da kula kada ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki.

Alamar cewa ya isa bugu ita ce gefen kwanon ya daskare ya yi fari, tsakiyar kuma ta yi kauri kamar kunun da ya huce, yadda idan aka danna da bayan cokali zai bar gurbi. Idan aka fara bugu yana ruwa, ba zai riƙe iska ba ko da an kwana ana yi, idan kuma ya daskare ƙam, sai a ajiye shi a ɗaki ya saki kaɗan. A yi amfani da na'urar buga ƙwai ta lantarki irin ta masu yin kek, a fara a hankali na minti 2 don a farfasa shi, sannan a ƙara gudu na minti 5 zuwa 8, ana tsayawa ana kankare gefen kwano da cokali. Za a ga launinsa yana washewa, yawansa yana ƙaruwa har ya kusa ninkawa, kuma idan aka ɗaga na'urar, man zai tsaya a bakinta da tsini ba tare da ya zube ba. Bilenda ba ta yin wannan aiki, domin wuƙarta tana ɗumama man maimakon ta sa masa iska. Wanda ba shi da na'ura yana iya yi da sabon maburgi wanda bai taɓa shiga miya ba, sai dai zai ci kusan rabin awa, kuma sai an riƙa mayar da kwanon kan ƙanƙara idan ya fara saki.

A tsakiyar bugun ne ake zuba ƙananan abubuwa. Rabin cokalin shayi na man bitamin E yana jinkirta tsufan mai. Cokalin cin abinci ɗaya na sitacin masara mai laushi, wanda aka tankaɗe aka dama da ɗan mai kafin a zuba, yana rage maiƙo ƙwarai, kuma a ganina shi ne bambancin man da ake shafawa a fita da wanda sai da dare. Turare kuma dole ya kasance na mai wanda aka yi domin fata, kuma kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na haɗin, wato giram 3 a wannan ma'auni. Turaren fesawa da humrar da aka haɗa da ruwa ba su dace ba. Man ɓawon lemon tsami da danginsa yana iya ƙona fata idan aka shafa aka shiga rana, don haka gara a bar shi.

Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan haɗi, kuma a nan ne masu son ƙara masa albarka suke yin kuskure. Man da babu ruwa a cikinsa ba ya bukatar maganin hana ruɓewa, domin ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa yaɗuwa inda babu danshi. Da zarar an zuba ruwan alobera, ko ruwan fure, ko madara, ko zuma, an buɗe musu ƙofa, kuma cikin 'yan kwanaki haɗin zai iya lalacewa tun kafin ido ya gani. Saboda wannan dalili ne ake son kwano da cokali da kwalba su bushe ƙarau kafin a fara, kuma a riƙa ɗiba da busasshen hannu ko ƙaramin cokali. Haka nan kada a matse man bilicin ko wani maganin shafawa na kemis a ciki da sunan ƙara haske, domin da yawansu suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata su bar mata tabo da nankarwa. Wanda kuma yake nufin sayarwa a kasuwa ya sani cewa a Najeriya kayan shafawa suna bukatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

A kwashe man da cokali a zuba a kwalba mai faɗin baki ba tare da an danna shi ba, don kada iskar ta fita, a rubuta ranar da aka haɗa a jikin murfin. Washegari zai ɗan ƙara tauri, wannan ba aibu ba ne. Idan ya yi tauri fiye da yadda ake so, a ƙara cokali ɗaya na mai mai ruwa a sake bugawa, idan kuma ya yi tsaki-tsaki ko ya narke, a mayar da shi kan tururi a sake bin matakan daga farko, babu abin da ya yi asara. A ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga, kamar ƙasan kwaba ko kusa da randa. Gaskiyar magana ita ce babu haɗin da zai jure zaman cikin mota da tsakar ranar Afrilu, don haka a bazara gara a riƙa yin kaɗan-kaɗan. Idan mayukan da aka yi amfani da su sababbi ne, yakan kai wata 6 lafiya, kuma hanci ne zai fara sanar da mutum idan ya juya.

Kafin a shafe jiki da shi, a gwada kaɗan a cikin dantse a jira kwana ɗaya, musamman ga mai fatar da ba ta son riɗi ko turare, idan an ga ja ko ƙaiƙayi sai a dakata. Lokacin da ya fi amfani shi ne bayan wanka, jiki da sauran danshi, domin aikin mai shi ne ya tsare ruwan da ke fata kada iskar hunturu ta kwashe shi. Lakuta ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa ta ishi hannu guda. Mai kaushi ko faso ya jiƙa ƙafarsa a ruwan ɗumi da dare, ya goge da dutsen goge kaushi, ya cika dunduniyar da man, ya sa safa ya kwana da ita. Masu yawan ƙurajen fuska su tsaya daga wuya zuwa ƙasa, saboda man kwakwa da man koko suna iya toshe ƙofofin fata, na jarirai kuma a keɓe musu nasu tun kafin a zuba turare.