Yadda Za Ku Yi Hutun Ƙarshen Mako a Bauchi, Ku Dawo da Katun Ɗinku

Tun ranar Laraba ku yi karo-karo, ku damƙa kuɗin mota da masauki da abinci a hannun mai amana. Kada ku wuce mutum biyar, don in kun yi yawa rabin yini zai tafi wajen jiran juna. Kowa ya riƙo littafin zane da fensir, ko da bai iya ba. Ku sauka Juma'a da yamma, ku kwanta da wuri.

Asabar da sassafe ku karya da masar Bauchi da miyar taushe, sannan ku tari Keke Napep zuwa kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966. A nan nake so ku daɗe. Ginin kansa aikin fasaha ne: ana shiga ta wani lungu mai duhu, haske na ɗan ratsowa, har a ɓullo fili inda kabarin yake, babu rufi a samansa. Duhun na nuni da zamanin mulkin mallaka, hasken kuma 'yancin kai. Ku yi masa addu'a tukuna, sannan kowa ya samu gefe ya zana abin da ya fi taɓa zuciyarsa. Wanda ya zana wuri ya fi wanda ya ɗauke shi a hoto ganinsa.

Bayan azahar ku zaga ta ƙofar fadar Sarki, ku gangara kasuwar Wunti ku sayo kwali mai launi, almakashi da gam. A tambayi mutum kafin a ɗauki hotonsa.

Da dare aikin haɗa katun ɗin, wato zane mai motsi, zai kankama. Ku zaɓi zane ɗaya, misali mutum yana fitowa daga duhu, ku yanka shi a kwali, hannu daban, ƙafa daban. Ku kafe waya a kan tarin littattafai tana kallon ƙasa, ku buɗe manhajar Stop Motion Studio, mai jera hotuna su zama bidiyo. Ɗaya ya matsar da ƙafar kaɗan, ɗaya ya ɗauki hoto, a sake. In kun saita manhajar a kan hoto 12 a sakan ɗaya, katun na sakan 10 zai ci hoto 120. Ku rufe taga, ku yi aiki da fitila ɗaya mai caji, don in hasken ya sauya, katun ɗin zai riƙa ƙyaftawa.

Lahadi da safe ku ɗora muryoyinku da Hausa, a tura wa kowa nasa kafin a nufi tasha.