Yadda Ake Haɗa Kai Da Jama'ar Unguwa A Tallata Shinkafa 'Yar Gida

Matasa da dama kan fara da taro: a kama rumfa da kujeru, a buga riguna, a yi jawabi kan cin abin da muka noma, washegari kowa ya koma sayen 'yar waje. Kuɗin rumfar nan ya isa sayen buhun gwaji.

Fara da mai saye. Nemi mutum uku ko huɗu da tukunyarsu ba ta sauka: mai garau-garau ta bakin tasha, mai tuwo-tuwo, mai dafa abincin biki, makarantar kwana in akwai. Kafin ka tunkare su ka je ka gaida mai unguwa, ka faɗa masa abin da ke tafe da kai. Mata masu sana'a sun fi sakin jiki in sun ji da saninsa.

Sannan ka nufi inda ake noman. A Kano, Kura da Bunkure da Garun Malam ne, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ba da damar noman rani. Kada ka tsaya kan manomi kaɗai. Tsakanin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, da tukunya akwai matan da ke turarawa da mai injin casa, kuma a hannunsu shinkafa ke gyaruwa ko ta lalace.

Nan ne yawanci ake faɗuwa. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, gidaje da yawa sun koma 'yar gida, kuma cikin manyan kukansu akwai tsakuwa. Mai abinci ba ta da lokacin rege buhu guda, in ko mai ciniki ya tauna tsakuwa sau ɗaya ba zai dawo ba. Saboda haka ka je da kanka ka ga inda ake shanya. In a ƙasa ne ko gefen kwalta, a sayi tamfol. In mai casa ba shi da injin cire tsakuwa, nemi wani, ko da ya fi tsada. Ɗebi kwano ɗaya ka kai wa kowace mai abinci kyauta, ta dafa a tukunyarta. Ita za ta gaya maka ko ta yi wara-wara ko ta caɓe, ko tana da auki. Ni ban yarda a haɗa iri biyu a buhu ɗaya ba, domin ba sa nuna tare. Ta tuwo kuma daban ce, ɗanya ake so, ba turararriya ba.

In samfur ya karɓu, a zauna a yi magana ɗaya kan kwanon awo, farashi da ranar biya, a rubuta, a sa shaidu. Bashin da ya wuce mako kada ka yarda da shi, manomi na jiran kuɗin taki.

Talla ba wuya daga nan. Liman ya sanar bayan salla, matan Islamiyya da 'yan adashi su haɗa kuɗi su raba buhu, a saka hoton dafaffiya a WhatsApp tare da farashin kwano.