Yadda Za a Koya wa Yara da Matasa Kauce wa Raunin Bindiga

A shekarar 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a Amurka, shi ya sa likitocin yara a can suke ɗaukar ta kamar cutar da ake yi wa rigakafi. A nan Najeriya ma bindiga ta shiga gidaje: harba-ruga ta mafarauci, ta ɗan banga, ta 'yan bindigar hawan Sallah.

Gargaɗi da baki ba ya wadatarwa. An gwada a Amurka: yaran da aka ja wa kunne, da aka bar su a ɗaki da bindiga, da yawansu sun ɗauke ta. Abin da ke zama a jikin yaro shi ne atisaye. A sassaƙa bindigar katako, a ajiye ta inda zai ci karo da ita, ya aikata abu huɗu: ya tsaya, kada ya taɓa, ya bar wurin, ya gaya wa babba. In ya kuskure, a gyara nan take ya sake. Bayan mako biyu a maimaita ba tare da sanarwa ba.

Matasa kuwa sai da dalili. A nuna musu cewa cire gidan harsashi ba ya fitar da harsashin da ya riga ya hau cikin bindigar. Yawancin "ai babu komai a ciki" daga nan yake. Harba-ruga ta fi ban tsoro. Albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkirin kamawa, sai a ja kunama a ji shiru, yaro ya leƙa bakinta, ta tashi. In ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon ƙasa aƙalla minti ɗaya. In an ɗura mata albarushi fiye da kima kuma, bututun ne ke fashewa ya tafi da yatsu. Harsashin da aka harba sama a wurin biki yana dawowa da ƙarfin huda kai. Gwajin maganin bindiga a jikin mutum kuwa, a faɗa musu ƙarara: ya kashe mutane.

Rabin aikin na iyaye ne. Bindiga ta kwana babu ɗuri, a kulle ta, albarushi da harsashi a wani wuri daban, makulli a jikin maigida. Saurayin da ke cikin ƙunci ko yake maganar kashe kansa, a fitar da bindigar daga gidan gaba ɗaya.

A koya musu tsayar da jini. A danna tsabtataccen ƙyalle a kan raunin da ƙarfi, kada a ɗaga don dubawa, kada a zuba toka ko ƙasa. In jinin hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, a tazarar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a rubuta lokacin. A wuce asibiti kai tsaye: dokar Najeriya ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.