Idan ka tarar da kujerun katakon tik a lambun gidan haya a Ingila

Gidajen haya da dama a Ingila suna da ɗan lambu a baya, kuma wani lokaci za ka tarar da tebur da benci na katako an bar maka. Idan katakon yana da nauyi, launinsa kuma ya koma toka-toka, akwai yiwuwar tik ne, wato katakon bishiyar da Turawa ke kira teak. Kafin ka taɓa shi, ɗauki hotonsa ranar da ka karɓi mabuɗi, ka duba ko yana cikin takardar lissafin kayan gida da aka ba ka. Kuɗin ajiyar da ka biya zai iya kai na hayar mako biyar, kuma daga ciki ake cire ɓarna.

Sabon zuwa yakan ga wannan tokar ya ɗauka katakon ya mutu, sai ya garzaya kanti ya sayo fenti ko mai. Ɗan'uwa, tsaya. Tik, wanda asalinsa daga Indiya, Myanmar, Tailan da Laos ne, yana da mansa a jiki, shi ya sa tun da can ake shimfiɗa shi a daɓen jiragen ruwa. Rana ce ke canja masa launin sama cikin 'yan watanni, daga ruwan zuma zuwa toka, ciki kuwa lafiyarsa ƙalau. Turawa da yawa ma haka suka fi son sa, kuma mai gidanka yana iya kasancewa cikinsu.

A ƙasar Hausa mun saba da fargabar gara da bushewar hunturu. A nan danshi ne matsalar. Daga Oktoba zuwa Maris katakon ba ya samun bushewa sosai, sai gansakuka ta lulluɓe shi, ya yi kore, ya yi santsi. Maganinta ba ya da tsada: ruwan ɗumi, ɗan sabulun wanke-wanke da burushi mai laushi. Ka bi tsawon katakon wajen gogewa, kada ka gitta, sannan ka ɗauraye ka bar shi ya sha iska. Sau ɗaya a shekara, wajen Afrilu, ya isa. Injin feshin ruwa irin na masu wankin mota yana tayar da zaren katakon ya bar shi da kaushi. Soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushi da ke yin tsatsa, ya bar baƙaƙen ɗigo.

Gwangwanin da ake sayarwa da sunan man tik, galibi man linsid ne ko na tung (mayukan 'ya'yan wasu tsirrai daban) da aka sirka, ba daga bishiyar tik aka tatso shi ba. Zai yi ƙyalli na ɗan lokaci, amma a wannan danshin yakan jawo baƙar fumfuna, kuma da ka fara shafawa ka ɗaura aure da shi. Idan ka dage sai ka shafa, kada ka dunƙule tsumman ka jefa a shara, domin tsumma mai man linsid yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a waje ya bushe tukuna.

Mu kuma akwai tamu: gashin nama ranar Sallah. Manja da kitse suna shiga katakon nan da nan, don haka shimfiɗa wani abu kafin a jera kwanuka. Idan tabo ya riga ya kama, samfefa mai laushi za ta ɗauke shi, wurin zai yi haske na ɗan lokaci kafin ya koma daidai da sauran.

Lokacin sanyi kada ka naɗe shi da tamfol na leda, gumi zai yi a ciki. Ko ka sayi murfi mai shan iska, ko ka bar shi a buɗe. Ɗauke ƙafafunsa daga kan ciyawa zuwa kan siminti. Kada kuma tausayi ya sa ka shigo da shi ɗaki mai hita, zafin zai tsattsage shi. Ƙananan tsagar da ke bakin katakon ba komai ba ce, amma ka riƙa ɗaure notukan idan benci ya fara girgiɗi.